Amsoshin Tambayoyinku: Rahama Sadau da matasan da ke son bin sawunta

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru akan mutum ɗaya, wasu tarihi suke nema wasu musu suke so a raba musu, akwai kuma wani uba da ya rubuto cikin damuwa wanda gaskiya saƙonsa ne yasa nace bari kawai in haɗa su wuri guda in amsa, domin duk maganar ɗaya ce.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina so ka bani tarihin jaruma Rahama Sadau, a ina aka haifeta, yaushe ta fara fim kuma waye ya kawota? Muna ta musu da abokina shi yace yar Kano ce ni kuma nace yar Kaduna ce. Daga wani dalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena kaine da gaskiya, kaje ka gaya wa abokin naka. A Kaduna aka haifi Rahama Ibrahim Sadau ranar 7 ga Disamba 1993, kuma a can ta taso. Abinda yasa ake ɗauka 'yar Kano ce bai wuce yadda duk wanda ya fito a fim ɗin Hausa ake jingina shi da Kano ba tunda nan ce cibiyar harkar, alhali Kaduna da Jos sun bai wa masana'antar nan mutane ba kaɗan ba.

Tun tana 'yar makaranta ita mai son rawa ce har gasa take shiga, ga kallon finafinan Indiya. A ƙarshen 2013 ta shigo Kannywood ta hannun Ali Nuhu, kuma fim ɗin da aka fara saninta da shi shine Gani Ga Wane. To ka tsaya kayi lissafi, lokacin shekararta 19 ne tana shirin cika 20. Wannan lissafin nake so ka riƙe a ranka domin mu masu kallo muna yawan manta shi, da zarar mun ga fuskar mutum a fasta sai mu ɗauka babba ne wanda ya gama sanin duniya, alhali sa'ar ƙannenmu ce da ke gida waɗanda ko kasuwa za su sai an ce kar su daɗe.

Tashinta yayi sauri sosai. A 2014 ta karɓi kyautar gwarzuwar jarumar Kannywood ta mujallar City People, a 2015 ta sake karɓa. Kuma ka tuna yadda harkar take a wancan lokacin, kasuwar faifai ce ke ci, ana kai fim kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano 'yan kasuwa su saya su rarraba, kuma ɗan kasuwa fuska yake dubawa a jikin fasta kafin ya zuba kuɗinsa. Idan fuskar jaruma tana sayar da faifai to kowane furodusa ita yake nema, daga wannan lokeshan zuwa wancan, yau tana matar aure mai haƙuri gobe tana budurwa 'yar gayu jibi a tashe ta da sassafe a je ɗaukar waƙa a rana tana bin baitin da baki tana rawa ana yankewa ana maimaitawa har darakta ya gamsu. Babu wata makaranta da ake bi kafin a shiga, a gaban kyamara ake koyon komai, wanda Allah ya haɗa da ubangida nagari ya dace wanda bai samu ba kuma sai dai ya koya da kuka. Ita dai ta faɗo hannun wanda ya san aikin, domin Ali Nuhu ya riga ya daɗe yana fitowa a finafinan Kudu kafin zuwanta, ya san yadda ake aiki a ɓangarorin biyu.

Tambaya: Malam wai da gaske ne an taba korarta daga Kannywood? In an koreta ya akayi muke ganinta a finafinai har yanzu? Ni abin yana daure min kai, ko dai korar ta baki ce kawai. Daga wata yar'uwa a Gombe.

Amsa: 'Yar'uwa da gaske ne, kuma tambayarki tana da kyau domin mutane da yawa basu san waye yake da ikon me ba a harkar nan. A farkon Oktoba 2016 haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu shirya finafinai wato MOPPAN ta sanar da korarta, dalili kuwa bidiyon wata waƙar soyayya ce ta mawaƙi ClassiQ inda aka ganta suna riƙe hannu da runguma, abinda dokokin ƙungiyar suka hana tsakanin namiji da mace. Shekararta 22 a lokacin.

Kinga MOPPAN ƙungiya ce ta 'yan sana'a, ba hukumar gwamnati bace. Abinda take iya yi shine ta ce wa 'ya'yanta kar wanda ya ƙara saka wance a fim. Ita kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano wadda aka kafa a 2001 ita ce ta gwamnati, ita ke duba fim kafin a sake shi a Kano, kuma tunda babbar kasuwar a Kano take to duk fim ɗin da bai wuce ta wajenta ba mai shi ya shiga uku. Amma ikonta iya jihar Kano ne. A matakin ƙasa akwai wata hukumar daban ta tarayya. Shi yasa korar ta rufe mata aikin finafinan Hausa amma bata isa ta hana wani kamfani a Legas ya kira ta ba.

Sannan akwai abinda ya kamata a sani game da shekarar ita kanta. A tsakiyar 2016 ɗin ne gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar finafinai a Kano bayan malamai da jama'a sun nuna basa so, 'yan fim suna cikin jin zafin wannan ana ta ce musu masu ɓata tarbiyya, sai ga bidiyon ya fito. A ganina wannan yanayin ya ƙara wa hukuncin nauyi, shugabanni suna so su nuna wa duniya cewa suna iya tsawatar wa nasu.

Ni dai ra'ayina ban ɓoye ba. Ta karya doka, ita da kanta ta fito ta bada haƙuri, kuma duk wanda yake cin abinci da kallon jama'a dole ya kiyaye abinda jama'ar suka ɗauka da girma, wannan babu ja. Amma korar dindindin ga yarinya 'yar 22 tayi tsauri. An ɗauko ta tana 19 an ɗora mata ɗaukakar da ko dattijo sai ya yi da gaske zai iya ɗauka, an ci riba da fuskarta shekara uku, to wa ya zaunar da ita ya koya mata yadda ake zaɓar aiki, wa yake duba mata abinda za ta karɓa da wanda za ta ƙi? Masana'antar da bata tanadi mai yi wa yaranta jagora ba bai kamata ta fi kowa saurin yanke musu hukuncin ƙarshe ba. Dakatarwa ta wani lokaci da nasiha da sun wadatar.

Wani abu da ake yawan kuskurewa kuma shine a ce korar ce ta kai ta Nollywood wato finafinan Kudu. A'a. A cikin watan Oktoban da aka kore ta ne tashar EbonyLife ta fara haska shirin Sons of the Caliphate wanda ta fito a ciki a matsayin Binta Kutigi, kinga kenan an riga an ɗauki shirin tun kafin rigimar. Ba a fafe gora ranar tafiya, Turancin da ta iya da sanayyar da ta ƙulla a Kudu tun da wuri su suka riƙe ta a ranar da aka ce ta tafi. Da ace fim ɗin Hausa kaɗai ta sani da labarin ba haka yake ba, kuma akwai 'yan mata da yawa da aka taɓa dakatarwa waɗanda daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsu ba saboda basu da wata madafa.

Bayan nan a 2017 ta rubuta takardar neman afuwa, a farkon 2018 aka sassauta aka buɗe mata hanya. A tsakanin ma bata zauna ba, ta shirya fim nata na kanta mai suna Rariya a 2017, ta fito a Up North na 2018 wanda aka ɗauka a Bauchi tare da mawaƙi Banky W, ta fito a shirin talabijin na MTV Shuga, kuma a cikin wannan hidimar take karatu a jami'ar Eastern Mediterranean da ke Arewacin Saifurus inda ta karanci harkar kula da ma'aikata. A Nuwamba 2020 aka sake wata rigimar akan hotunan da ta saka a shafinta, wani ya zo ƙarƙashin hoton ya rubuta kalmar ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin ya tayar da hankalin kowa, ta goge hotunan ta fito a bidiyo tana kuka tana nesanta kanta da maganar tana neman gafara. Wannan karon abin ya fi na farko zafi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam ance tana jin Indiyanci kuma tayi fim a Indiya, gaskiya ne ko farfaganda ce? Daga wani mai sayar da kayan waya a Sakkwato.

Amsa: Gaskiya ne malam. Tana jin yaren Hindi, kuma a kallon fim ta tsince shi. Ta fito a Khuda Haafiz kashi na biyu wanda aka saki a Yuli 2022, jarumin fim ɗin Vidyut Jammwal ne. Sai dai kar a ƙara gishiri, ba ita ce jarumar fim ɗin ba, jarumar ita ce Shivaleeka Oberoi. Duk da haka abin a yaba ne, shekara da shekaru Hausawa suna kallon Indiyawa a sinima da bidiyo sai gashi tamu ta shiga cikinsu tana magana da harshensu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uba ne, yata ta uku shekararta 18 ta gama sakandare bana, ta tsaya kai da fata ita sai ta shiga fim. Kullum misalinta Rahama Sadau, wai ai gashi ta zama wata abu har kasashen waje take zuwa. Nayi fada nayi lallashi abin yaki, uwarta har ta fara rashin barci, kuma na gano tana magana da wani a waya da yace shi furodusa ne zai sakata a fim in ta turo kudin fom da hotuna. Ina tsoron in matsa ta gudu in kyale kuma ta lalace. Meye shawararka? A sakaya sunana.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma, Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Na karanta saƙonka na ji nauyinsa a raina, kuma tun kafin komai ina yaba maka da ka tsaya neman shawara maimakon ɗaukar bulala.

Mu fara da na gaggawa. Wannan mutumin na waya a yanke hulɗa da shi yau ba gobe ba. Furodusan gaskiya baya neman yarinya a ɓoye ta bayan iyayenta, baya cewa a turo masa kuɗin fom a asusunsa na kansa, balle hotuna. Masu irin wannan sun yi yawa a Facebook da TikTok, wasu har da sunan manyan jarumai suke buɗe shafin bogi, kuma ƙarshen abin ko dai a cinye kuɗin ko kuma a riƙe hotunan ana yi wa yarinya barazana da su. Ka karɓi lambar cikin hikima ba tare da ka kunyata ta ba, ka ce masa kai ne mahaifinta kana so ka zo ofishinsu ka ga takardar rajistar kamfanin, za ka ga yadda zai ɓace. In ta ga haka da idonta ya fi wa'azin wata guda.

Sai maganar misalin da take kawowa. Ranka ya daɗe kar ka ce mata Rahama ba komai bace domin ta san ba haka bane kuma daga nan ta daina sauraronka. Ka ce mata to mu duba rayuwar tata gaba ɗaya ba hotunan filin jirgi kaɗai ba. Wadda take kwatance da ita ɗin tana tsakiyar tashe ta koma aji ta yi digiri, me yasa, in fim kaɗai ya isa? Tana 22 aka kore ta daga sana'arta a bainar jama'a, gidajen rediyo har na ƙasashen waje suna faɗin sunanta, mutanen da basu taɓa ganinta ba suna zaginta suna haɗawa da iyayenta. Ka tambayi 'yarka tsakaninta da Allah in ita ce za ta iya kwana da wannan? Kuma ka gaya mata cewa a shekarar da Rahama ta shigo ba ita kaɗai ta shigo ba, 'yan mata da yawa sun shigo tare da ita masu kyau masu ƙoƙari, ta lissafa maka guda nawa take iya tunawa yanzu.

Harkar ma ta canza daga yadda take a 2013. Kasuwar faifai ta mutu, satar fasaha da tura fim a waya da finafinan Indiya masu fassara sun gama da ita, yanzu abin ya koma shiri mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin Arewa24. Wannan yana da daɗi ta wani ɓangaren domin aiki ya yawaita, amma kuma duk wanda ya mallaki kyamara da tasha a YouTube sai ya kira kansa furodusa, sabuwar fuska kuma sau da yawa abinda ake bata bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma sai ace ai taimaka mata akayi da aka haska ta. Ga kuɗin sutura ga na kwalliya ga matsin lambar sai ta nuna wa mabiyanta ita ma ta waye, a nan ne yara da yawa suke faɗawa hannun da bai dace ba, ba wai a gaban kyamara ba.

Ni a nawa ganin Alhaji, hani na ƙarfi ba tare da ka bata wani abu a madadinsa ba shine yake kai yara tasha da jaka a hannu. Abinda nake ba ka shawara shine ka ɗauki son nata da muhimmanci ka juya shi ya bi ta makaranta. Ana karanta wasan kwaikwayo a jami'a, akwai sashensa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai a Jami'ar Bayero ta Kano, akwai kuma cibiyar koyon aikin fim ta ƙasa a Jos ƙarƙashin hukumar finafinai ta Najeriya, hukumar da aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairu 2024. Ka ce mata ga sharaɗi, ki nemi gurbi ki karanta abin ki san shi, in kin gama mu sake zama. Shekarun karatun nan za su nuna maka ko sana'ar take so ko kuwa suna kawai take so, domin mai son suna baya jure haddar rubutu da maimaita fitowa ɗaya har sau goma. A can ne kuma za ta gane cewa fim ba fitowa kaɗai bane, akwai masu rubuta labari akwai masu tace hoto akwai masu kula da sutura da kwalliya akwai masu bada umarni, kuma mata suna yin duk waɗannan cikin mutuncinsu, wata ma sai ta ga nan ne baiwarta take.

In kuma bayan duk wannan ka amince ta fito, to ka shiga lamarin da ƙafarka. Ka je ofishin kamfanin da kanka, ka tabbatar suna da rajista, ita ma tayi rajista da ƙungiya da hukuma yadda doka ta tanada a jihar da za ta yi aikin, a rubuta yarjejeniya a takarda nawa za a biya ta kwana nawa za a yi a ina za a kwana, ta karanta labarin gaba ɗaya kafin ta karɓa domin kar a je lokeshan a ɓullo mata da fitowar da bata sani ba, kuma a farko wani nata ya riƙa raka ta. Kamfanin kirki ba zai ji haushin wannan ba, shi ma kariya ce a gare shi. In kuma ka auna ka ga a'a ce amsarka to haƙƙinka ne na uba, sai dai ka faɗa mata dalili cikin taushi ka kuma bar ƙofar magana a buɗe, uwarta ma a kwantar mata da hankali domin yarinya ta fi faɗa wa uwa abinda ke cikinta.

Tambaya: Malam meyasa jarumai da zarar sun samu dan kudi sai su bude kamfani su koma furodusa, ba gara su tsaya a aktin dinsu ba? Daga wani matashi mai sha'awar harkar a Maradi.

Amsa: Ɗan'uwa dalilin a fili yake. Jarumi sau ɗaya ake biyansa, an gama ɗauka an sallame shi shikenan, ko fim ɗin ya shekara goma ana kallo ba ruwansa da abinda ya shigo sai in an rubuta wani abu daban a yarjejeniya. Mai fim kuwa shi ke da kayan, shi zai kai sinima shi zai sayar wa tashar talabijin shi zai ɗora a YouTube kuɗin talla su riƙa shigo masa, haka kuma in an faɗi shi zai ɗauki asarar shi kaɗai. Sannan tashe baya daɗewa musamman ga mata, sabbin fuskoki kullum shigowa suke. Rahama tana 23 ta fitar da Rariya ƙarƙashin kamfaninta Sadau Pictures a daidai lokacin da aka hana wasu su saka ta a nasu, a 2020 kuma ta sake shirya Mati a Zazzau tare da Sadiq Sani Sadiq. Sai dai ba kowane jarumi ne ya iya lissafin kasuwa ba, wasu sun zuba abinda suka tara a fim ɗaya ya tafi da su, don haka in kana da niyya ka fara zama kusa da furodusa ka ga yadda ake kashe kuɗin da yadda suke dawowa kafin ka saka naka.

Waɗanda suka aiko tambaya akan mawaƙa da yadda ake rajistar waƙa kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.